Yadda Za Ka Ga Somait a Ƙwan Kaza, Ka Karanta Ƙwayoyin Gadonsa Daga Wutsiya Zuwa Kai

Duk shekara, da zarar ɗaliban likitanci sun iso babin mako na 3 na rayuwar ɗan tayi, sai saƙonni su fara shigo mini daga ƙannenmu na Jidda da Makka. Bara wata ƙanwarmu ta turo hoton takardarta, ta cika ta maƙil da sunayen ƙwayoyin gado: Wnt3a, Tbx6, Fgf8, Hes7, Mesp2, da sauransu. Ta ce, "Yaya, wallahi na haddace su tsaf, amma da an tambaye ni wanne ya riga wanne sai kaina ya ɗaure." Na ce mata ta ajiye takardar tukuna, ta nemo mana ƙwai.

Ga dalilin. A bayan ɗan tayi, wurin da sel, wato ƙwayar halittar jiki, yake shi ne shekarunsa. Wanda ke can wajen wutsiya yanzu aka haife shi, wanda ke tsakiya ya fara wayo, wanda ke kusa da kai ya riga ya kama sana'a. Saboda haka idan ka kafa ido a kan ɗan tayi guda ɗaya, ka bi shi daga wutsiya zuwa kai, ka ga tarihin gaba ɗaya a jere. Kowace ƙwayar gado tana da unguwarta a kan wannan hanya. Wanda ya san unguwannin ba ya buƙatar hadda mai yawa.

Mu daidaita kalmomi kafin mu fara. Mesodam shi ne shimfiɗar tsakiya cikin shimfiɗu 3 na ɗan tayi, wanda littattafan Larabci ke kira al-adimul mutawassiɗ. Na farakziyal shi ne ɓangarensa da ke kwance dama da hagun bututun laka, wato bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Shi ne yake yankuwa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa sunanta somait, a Larabce jusaida. Daga somait ake samun ƙashin baya, haƙarƙari, naman jikin gangar jiki da na hannu da ƙafa, da ƙasan fatar baya.

Mataki na 1: ƙwai da kayan aiki

Ƙwan kanti ba zai yi ba, domin kajin gona ba sa haɗuwa da zakara. Nemi wajen masu kiwon kajin baladi, ka ce musu na ƙyanƙyasa kake so, kuma wanda bai wuce mako guda da nasawa ba. Sayi 12. Wasu ba za su ɗauka ba, wasu kai da kanka za ka fasa musu gwaiduwa, wannan ba makawa a karon farko.

A kula da zafin ƙasar nan. Ƙwan da ya wuni a bayan mota a ranar Jidda ko dai ya fara girma ba da saninka ba, lissafin awanninka ya rushe, ko ya mutu. Ɗauko shi da sassafe, ka ajiye a wuri mai sanyi kimanin digiri 15 idan da hali. Firji ya yi masa sanyi da yawa.

Sauran kayan: injin ƙyanƙyasa ƙarami, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa faƙƙasa; sirinji mai babbar allura da wani irin na insulin; ƙaramin almakashi mai tsini; salatif mai faɗi; barasar goge fata mai ƙarfin kashi 70; ruwan gishirin asibiti; tawadar zane baƙa; safar hannu; fensir. Abu mafi wuya shi ne maikiroskof irin na fiɗa, mai ido biyu, wanda ke girmama abu sau 20 zuwa 40. Wannan sai a ɗakin gwaji, don haka ka je wa malamin sashen da maganar tun da wuri, ka nemi izini, ka kuma tambayi ƙa'idar wurin game da aiki da ƙwai.

Mataki na 2: lissafin awanni

Tun 1951 Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka raba girman ɗan tayin kaza zuwa matakai 46, kuma har yau da su ake aiki. Abin da ya shafe mu kaɗan ne. A awa 18 zuwa 19 zanen farko, layin da ke fara fitowa a tsakiyar ɗan tayi, ya cika tsawonsa, wato mataki na 4. A awa 26 zuwa 29 akwai somait 4 a kowane gefe. A awa 33 zuwa 38 sun kai 10, mataki na 10 ke nan, kuma shi muke nema.

Saita injin a digiri 38, ka zuba ruwa a farantinsa, ka kashe abin da ke juya ƙwai. Kwantar da kowane ƙwai a gefensa, ka yi masa alama da fensir a sama. Gwaiduwa tana juyawa da kanta ta kawo ɗan tayin sama, daidai ƙarƙashin alamarka, muddin ba ka sake mirgina shi ba. Idan ka saka ƙwai 9 ranar Alhamis bayan isha'i da ƙarfe 9, safiyar Asabar da ƙarfe 9 sun yi awa 36. Ragowar 3 ka saka su ranar Juma'a da ƙarfe 2 na rana, za su kai awa 19 a daidai wannan lokacin. Sau da yawa ƙwai yana ɗan makara a kan lissafin littafi, saboda haka ƙara masa awa 2 ba laifi ba ne.

Mataki na 3: buɗe taga

Goge ɓawon da barasa. Huda ɓangaren mai faɗi da babbar allura, ka karkata ta ƙasa don kada ta taɓa gwaiduwa, ka zuƙe farin ƙwai kamar mililita 3. Wannan yana sa gwaiduwar ta sauka ta rabu da ɓawo. Toshe hudar da salatif, ka manna wani a saman ƙwan inda alama take, sannan ka yanka taga ta cikin salatif ɗin, girman kwabon riyal ɗaya. Salatif ɗin ne ke hana ɓarɓashin ɓawo zubawa ciki.

Za ka ga wani farin faifai a kan gwaiduwa. Ɗan tayin yana tsakiyarsa, bai fi 'yan milimitoci ba, kuma garai yake kamar ruwa, shi ya sa ake buƙatar tawada. Surka kashi 1 na tawada da kashi 9 na ruwan gishiri, ka ja a sirinjin insulin, ka soka daga bakin faifan, ka zura allurar a ƙarƙashinsa, ka tura ɗan kaɗan. Nan take zai fito fari a kan baƙi. Ɗiga masa ruwan gishiri don kada ya bushe. Idan ka sa ɓangaren ƙwan mai faɗi a hagunka, galibi kan ɗan tayin yana fuskantar gaba, nesa da kai.

Mataki na 4: fara da ƙwan awa 19

Babu somait a nan. Abin da za ka gani layi ne guda a tsakiyar faifan, da ɗan kumburi a ƙarshensa na gaba. Layin shi ne zanen farko, kumburin kuma ƙullin Hensen. A ɗan Adam wannan zane yana bayyana wajen kwana na 15 bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai.

Zanen ƙofa ne. Sel-sel na shimfiɗar sama, efiblas, suna tururuwa zuwa gare shi, su nutse, su bazu a ƙasa su zama mesodam. A ɓera, inda aka fi sanin lamarin, Nodal da BMP4 da Wnt3, saƙonnin da sel ke aika wa juna, su ne suke ƙarfafa juna har zanen ya kafu a baya, yayin da gaba ake fitar da masu hana su, Cer1 da Lefty1 da Dkk1, don kada a yi zane a wurin kai. Kafin sel ya nutse dole ya saki maƙwabtansa. Saƙon FGF ta kan FGFR1 yana kunna Snail, shi kuma Snail ya kashe E-cadherin, wato gam ɗin da ke riƙe su. Ɓeran da aka cire wa Fgf8, sel ɗinsa suna isa ƙofar amma su cunkushe a wurin, su kasa fita.

Inda sel ya shiga a tsawon zanen yana nuna inda zai ƙare. Na ƙulli su zama notokod, igiyar tsakiya. Waɗanda suka shiga dab da bayan ƙulli su ne namu, na farakziyal. Na bayansu su zama mesodam ɗin ƙoda, na bayan waɗancan su tafi can gefe. Abin da ke tabbatar da wannan rabo shi ne yawan BMP. Can gefe yana da yawa, sai a kunna Foxf1. Kusa da tsakiya Noggin da Chordin suna kama shi su ɗaure, sai Foxc1 da Foxc2 su samu wuri. A 1998 Tonegawa da Takahashi suka dasa sel masu fitar da Noggin a gefen ɗan tayin kaza, sai ga somait sun tsiro a inda bai kamata ba. Wannan gwaji kaɗai ya isa ka riƙe cewa mesodam na farakziyal yana son BMP kaɗan.

Mataki na 5: ƙwan awa 36, ka fara daga wutsiya

Ido zai so ya tafi wajen kai, domin can ne abin kallo yake: kumburin ƙwaƙwalwa, tohon idanu, da zuciya wadda watakila ka same ta ta fara motsi. Kalla ka more, sannan ka dawo ƙasa. Ɗauki takarda ka ja dogon layi a tsaye, wutsiya a ƙasa, ka zana abin da kake gani: ragowar zanen farko da ƙulli a can ƙasa, sai wani santsin ɗamara dama da hagu wanda babu yanka a jikinsa, sai kuma gunduwoyi bibbiyu a jere. Unguwanni 3 ke nan. Santsin ɗamarar shi ake taƙaitawa da PSM, mesodam da bai yanku ba tukuna.

A unguwar ƙasa akwai wasu sel masu zuciya biyu. Suna ɗauke da Sox2, alamar laka, suna kuma ɗauke da Brachyury, alamar mesodam. Jikokinsu wasu za su shiga laka, wasu su shiga somait. Wannan ya saɓa wa abin da aka koya mana a aji, cewa shimfiɗu 3 sun rabu tun farko ba sa sake haɗuwa, amma binciken zuriyar sel a ɓera da aka buga a 2009 ya nuna haka abin yake a gangar jiki da wutsiya.

Mai raba gardamar shi ne Wnt3a. A kula, Wnt3 daban, Wnt3a daban, kuma masu shirya jarrabawa sun san ɗalibai na haɗa su. Na farko na kafa zane ne, na biyu na ciyar da gangar jiki. Idan Wnt3a ya sauka a kan sel, gungun furotin da ke lalata beta-catenin, wato APC da Axin da GSK3, sai su tsaya. Beta-catenin ya taru, ya shiga cibiyar sel, ya haɗu da TCF ko LEF, su kunna Brachyury. Brachyury kuma ya koma ya ƙarfafa Wnt3a da FGF, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Ɓeran da ba shi da Wnt3a yana yin somait 7 zuwa 9 na farko, daga nan aiki ya tsaya. Shi Brachyury tsohon sani ne. A 1927 Nadine Dobrovolskaïa-Zavadskaïa ta bayyana ɓeraye masu guntuwar wutsiya a birnin Faris na Faransa, sunan ma daga Girkanci ne mai ma'anar gajeriyar wutsiya, amma sai 1990 aka gano ƙwayar gadon kanta. A ɗan Adam yanzu ana rubuta ta TBXT.

Da sel ya fito daga wannan unguwa ya shiga PSM, sai Tbx6 da Msgn1 su karɓe shi. Msgn1 ne ke fitar da shi daga gidan yarinta, kuma idan babu shi sel suna taruwa a wutsiya ta kumbura, gangar jiki ta rasa somait. Tbx6 kuwa aikinsa ya rufe ƙofar komawa, ta hanyar kashe Sox2. Abin da ya faru da aka cire shi yana cikin sakamakon da na fi so a duk fagen nan. Chapman da Papaioannou suka ruwaito a 1998 cewa ɓeran ya fito da bututun laka 3, na gaskiya a tsakiya, da ƙarin biyu dama da hagu a daidai inda somait ya kamata su kasance. Rubuta wannan a gefen zanenka, ba za ka sake manta aikin Tbx6 ba.

Mataki na 6: santsin ɗamara, inda aikin yake

A ido babu komai a nan. A gaskiya kuwa nan ne ya fi ko'ina hada-hada, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, don haka mu zauna sosai.

Abu biyu ne ke gudana tare. Na farko gangara ce. Ja alwatika a gefen zanenka, mai faɗi a wutsiya, mai tsini wajen somait, ka rubuta FGF da Wnt a ciki. Yadda gangarar Fgf8 ke samuwa abin sha'awa ne. A wutsiya kaɗai ake rubuta saƙonta na RNA. Da sel ya bar wurin ya daina rubutawa, sai guzurin da ya taho da shi ya riƙa ƙarewa a hankali. Wanda ya daɗe da barin gida guzurinsa ya yi ƙasa. Dubrulle da Pourquié ne suka nuna haka a 2004. Muddin FGF da Wnt suna da yawa, sel yana nan ɗanye, yana yawo, ba ya jin kiran yanka.

Ja wata alwatikar a kife, mai faɗi wajen somait. Wannan asid ɗin retinoik ne, ɗan gidan bitamin A, wanda Raldh2 ke haɗawa a somait da gaban PSM, Cyp26a1 kuma yana lalata shi a wutsiya. Shi da FGF kishiyoyi ne. Yana kuma da wani aiki, shi ne tabbatar da cewa dama da hagu suna yankuwa tare, duk da saƙonnin da ke karkatar da zuciya da hanji gefe guda. Inda FGF da Wnt suka yi ƙasa har sel ya iya amsa kira, nan ne layin hukunci. A kaza yana nan kimanin tsawon somait 4 zuwa 5 a bayan sabon somait. Tunda wutsiya tana ta tsawo, layin ma yana ta ja da baya.

Na biyu agogo ne. Jonathan Cooke da Christopher Zeeman, ɗaya masanin halitta ɗaya masanin lissafi, su suka kawo tunanin agogo da layi mai tafiya a 1976, ba tare da ƙwayar gado ko ɗaya a hannu ba. Sai 1997 Isabel Palmeirim da abokan aikinta a ɗakin gwajin Olivier Pourquié suka ga c-hairy1 tana kunnuwa tana mutuwa duk minti 90 a cikin irin wannan ɗamarar da kake kallo, daidai da lokacin da kaza ke ɗauka ta yanka somait guda.

A ɓera da mutum zuciyar agogon Hes7 ce. Furotin ɗinta yana komawa ya kashe ƙwayar gadon da ta haife shi. Da a ce nan take yake yin haka, da an tsaya a tsaka-tsaki. Amma akwai jinkiri: sai an rubuta RNA, an yanke intron, wato guntayen saƙon da ba a buƙata, an fitar, an gina furotin. Kafin ya iso an riga an tara da yawa, sai ya rufe komai. Shi kuma ba ya daɗewa, cikin kusan minti 20 rabinsa ya lalace, sai ƙofa ta sake buɗewa. Duk wanda ya kwana da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai makararren ma'auni ya san wannan, ɗaki ya yi sanyi har ka nemi bargo, ya mutu har ka yi gumi, ya sake tashi. Da aka cire wa Hes7 intron ɗinta a ɓera, jinkirin ya ragu, bugun ya lalace, ƙashin baya ya fito a hargitse. Lfng da ke hanyar Notch yana bugawa tare da ita, haka Axin2 a hanyar Wnt, da Dusp4 da Spry2 a hanyar FGF.

Kowane sel da agogonsa, to wa ke daidaita su? Notch, ta hanyar Dll1 da ke jikin maƙwabci. A kifin zebra da aka lalata wa Notch, somait na farko suna fitowa lafiya, na baya su rikice, domin agogunan sun fara tare amma a hankali kowa ya kama gabansa.

Akwai kuskuren da nake ji kullum. Idan aka rina ɗan tayi, ana ganin kamar igiyar ruwa tana tasowa daga wutsiya zuwa gaba, sai ɗalibi ya ce sel ne ke tafiya. Wanda ya taɓa kallon sallah daga saman bene a Harami ya ga amsar. Liman ya yi kabbara, sahun farko ya sunkuya, na bayansa ya biyo da ɗan jinkiri, haka har ƙarshen fili. Kana ganin ruku'u yana tafiya, alhali babu wanda ya ɗaga ƙafa daga inda yake. Haka igiyar Hes7 take. Bambancin kawai, ita daga baya take farawa, kuma tana rage gudu tana sirancewa yayin da take kusantar gaba.

Yanzu haɗa biyun. Duk bugu ɗaya na agogo, sel ɗin da layin hukunci ya wuce su tun bugun baya su ne za su zama somait guda. Tsawon somait ke nan ya dogara da nisan da layin ya ja baya a cikin bugu ɗaya. A 2001 aka dasa ɗan ƙwallo jiƙe da FGF8 a gefe ɗaya na PSM ɗin kaza, layin ya makale a gaba, somait na wannan gefen suka fito ƙanana. Saurin agogon ya bambanta: kifin zebra kusan minti 30, kaza 90, ɓera awa 2, mutum kusan awa 5. Wani macijin Amurka da aka bincika a 2008 yana yin somait sama da 300, kaza kuwa 50 da ɗoriya, domin agogon macijin yana sauri idan aka gwada da saurin girman jikinsa.

Kana iya gwada minti 90 ɗin da kanka. Ƙirga somait, rubuta adadin da lokacin a jikin ɓawo, ɗiga ruwan gishiri, rufe tagar ruf da salatif, mayar da ƙwan injin. Bayan awa 3 ka sake ƙirgawa. Ya kamata ka samu ƙarin 2 a kowane gefe. Idan 1 ka samu, sanyin ɗakin gwajin ne ya rage masa gudu lokacin da kake kallo. Ƙanwar nan tamu da ta ga nata sun tashi daga 10 zuwa 12, cewa ta yi, "Yaya, ashe da gaske ne."

Mataki na 7: wuƙar yanka

Dubi inda ɗamara ta ƙare, gunduwa ta fara. Sabon somait ana kiransa SI, wanda ke kan yankuwa S0, na bayansa S-I. A wajen layin hukunci, inda FGF ya saki, igiyar Notch ta iso ta tarar da Tbx6, su biyun su kunna Mesp2 a faɗin somait guda. Mesp2 ya kunna Ripply2, Ripply2 ya sa a lalata Tbx6 a wurin, iyakar Tbx6 ta koma baya, ta zama alamar yanka na gaba. Mesp2 kuma yana kunna EphA4, wanda idan ya haɗu da ephrinB2 na sel ɗin gabansa sai su ture juna, tsaga ta buɗe, fibronectin ya cika ta. Paraxis, wato Tcf15, shi ke sa sel ɗin waje su jeru su zama ƙwallo mai bango.

Tun kafin ya yanku, somait ya rabu gida biyu. Rabin gaba yana da Tbx18, rabin baya yana da Uncx4.1 da Dll1. Jijiyoyin da ke fita daga laka ta rabin gaba kaɗai suke bi. Daga baya rabin bayan wani somait ya haɗu da rabin gaban mai bi masa su yi ƙashin baya guda, shi ya sa nama yake tsallaka gaɓa ya iya lanƙwasa ta.

Daga nan zuwa sama zan wuce da sauri, domin littattafanku sun yi bayaninsa da kyau. Shh daga notokod da ƙasan bututun laka yana kunna Pax1 a ƙasan somait, ya zama sikilerotom, mai yin ƙashi. Wnt daga saman bututun da fata yana riƙe Pax3 a sama, daga nan Myf5 da MyoD su fara nama. Scleraxis na jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi ne. Ƙwayoyin Hox su ke faɗa wa kowane somait ko na wuya ne ko na ƙirji, kuma tun yana PSM aka rubuta masa. Ɓeran da aka cire wa dukan Hox10 a 2003 ya fito da haƙarƙari har a ƙugu. Mesodam na farakziyal da ke cikin kai kuwa ba ya yankuwa, kuma naman fuska da na ido da yake bayarwa suna bin Tbx1 da Pitx2.

A nan Saudiyya da wuya a yi wannan darasi wani bai kawo ayar mudga ta Suratul Mu'minun ba, ana kwatanta jerin somait da shatar haƙora a jikin tsoka. Ina jin daɗin hirar, amma a takardar jarrabawa kwanaki ake so: somait na farko wajen kwana na 20, ana ƙara kusan 3 a kowace rana, a kai 42 zuwa 44 a kowane gefe a ƙarshen mako na 5, wasu na wutsiya su ɓace daga baya.

Kafin ka bar ɗakin gwajin, saka ƙwan da ka buɗe a leda, a daskarar da su, a zubar yadda ƙa'idar wurin ta ce. Ba a cin su. Wanke hannu da sabulu, saboda salmonela.

Mataki na 8: kai zanen asibiti

Kwana na 20 bayan ɗaukar ciki kusan mako guda ne da ɓatan wata. Mata da yawa ba su ma tabbatar ba, alhali ana can ana yanka ƙashin bayan ɗansu. Shi ya sa mai ciwon suga ake so ta daidaita shi tun kafin ciki, domin rashin daidaituwarsa yana da alaƙa da naƙasar ƙasan ƙashin baya. Shi ya sa kuma ake tsananta wa mata a kan isotretinoin, maganin ƙurajen fuska, wanda ɗan gidan asid ɗin retinoik ne.

Idan aka kawo jariri mai gajeriyar gangar jiki da gajeren wuya, hoto ya nuna ƙasusuwan baya kamar tsakuwa a warwatse, haƙarƙari sun manne da juna, ka tuna da agogo. Cutar ita ce spondylocostal dysostosis, kuma ƙwayoyin gadon da aka samu a cikinta duk suna kan zanenka: DLL3, wadda aka fara ganowa a 2000, sai MESP2, LFNG, HES7, TBX6 da RIPPLY2. Galibi sai yaro ya gaji gurɓatacciyar daga uwa da uba duka, su kuma lafiyarsu ƙalau, kuma kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Don haka ta fi fitowa a gidajen auren zumunci, wanda mu da Larabawan da muke zaune da su duk mun san shi. Gwajin kafin aure da aka wajabta a ƙasar nan tun 2004 yana duba sikila da talasimiya, bai shafi waɗannan ba, saboda haka takardar "an dace" ba ta kore su. Tambayi dangantakar iyaye cikin ladabi, ka tura su wajen masu ba da shawara kan cututtukan gado, kuma ka kiyaye harshenka kada uwa ta fita tana ganin laifinta ne. TBX6 ita kaɗai tana da hannu a wani kaso na karkacewar baya da ake haihuwa da ita, kamar yadda wani bincike a Sin ya nuna a 2015.

Mataki na 9: gwada kanka

Rufe littafi, ka sa yatsa a kan suna ɗaya a zanenka, ka faɗi abin da zai faru idan babu shi. Babu Wnt3a, gangar jiki ta yanke. Babu Tbx6, laka 3. Babu Hes7, nama da ƙashi suna nan amma yankan ya hargitse. Babu Paraxis, akwai rabo amma babu ƙwallo mai bango.

Tambayar ƙarshe da nake yi wa masu niyyar shiga bincike ita ce wannan. An ba ka sel ɗin mutum masu iya zama komai a faranti, an ce ka mayar da su PSM, me za ka zuba? Hanyar da ɗakin gwajin Pourquié ya buga a 2015 magani biyu ce a gindinta. CHIR99021 yana toshe GSK3, beta-catenin ya taru kamar Wnt3a ya sauka. LDN193189 yana toshe mai karɓar BMP, wato yana yin aikin Noggin. Cikin 'yan kwanaki TBX6 da MSGN1 su bayyana, kuma a irin waɗannan faranti ne aka auna bugun HES7 na awa 5 a 2020. Idan ka zuba na farko ka manta na biyu, BMP ɗin da sel ɗin ke fitarwa da kansu zai ja da yawansu can gefe, ka je duba TBX6 ka tarar da FOXF1.